Wa Zai Je Wurin Sarki? Zancen Armeniyawan da Aka Ɗaure a Baku

Karatunmu na yau yana cikin littafin Annabi Irmiya, sura 37 da 38. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa da shi, ya buɗe ya ajiye a gabansa, gama za mu komo gare shi. Amma kafin nan ina so in kai ku wata ƙasa mai nisa, in bayyana muku wani al'amari da yake damun 'yan'uwanmu masu bi a can, watau zancen Armeniyawan da aka kama, aka yi musu shari'a, aka ɗaure su a Baku, babban birnin ƙasar Azarbaijan.

Da yawa cikinmu ba mu taɓa jin sunan Armeniya ba sai ko cikin labaran duniya. Ƙaramar ƙasa ce cikin duwatsu, tana tsakanin Turkiyya da Iran da Jojiya da Azarbaijan. Mutanenta wajen miliyan 3 ne. Daga babban birninta, Yereban, ana hango dutsen Ararat, wanda muka san sunansa daga labarin jirgin Nuhu, ko da yake dutsen yana cikin iyakar Turkiyya yanzu. Wannan ƙaramar ƙasa kuwa ita ce ta fara karɓar bangaskiyar Kirista a matsayin addinin ƙasa, tun kafin daular Roma ta yi haka. Ikkilisiyarsu tana lissafin abin daga shekara ta 301.

Yadda abin ya faru ya isa a ji shi. Bisa ga tarihin da ikkilisiyar Armeniya take riƙe da shi, akwai wani bawan Allah mai suna Giregori, wanda ya ƙi yin sujada ga gunkiyar da sarki Tiridat yake bauta wa. Sarki ya sa aka azabta shi, sa'an nan aka jefa shi cikin wani rami mai zurfi, aka manta da shi. Shekara 13 ya yi a ciki. An ce wata gwauruwa ce take zuwa a ɓoye tana jefa masa gurasa, shi ya sa bai mutu ba. Da sarki ya kamu da ciwon hauka, 'yar'uwarsa ta matsa a je a duba ramin nan. Aka fito da Giregori da rai, ya yi addu'a, sarki ya warke, ya ba da gaskiya, shi da fadarsa. Ramin yana nan har yau, an gina majami'a a kansa, ana kiran wurin Khor Virap, ma'anarsa rami mai zurfi. Wajen shekara ta 405 kuma wani malami, Mesrop Mashtots, ya ƙago musu haruffan rubutu domin a juya Maganar Allah cikin harshensu. Ashe ikkilisiyar da ta fito daga cikin rami ce muke magana a kanta yau. Ta kuma sha wuya bayan wannan. Daga shekara ta 1915, cikin daular Usmaniyya ta Turkiyya, an hallaka Armeniyawa wajen miliyan ɗaya ko fiye, ta wurin kisa da yunwa da korarsu cikin hamada.

To, ina tushen rigimar yanzu? Akwai wani yanki na tuddai da ake kira Nagorno-Karabak, Armeniyawa kuwa suna ce da shi Artsak. Yawancin mazaunansa Armeniyawa ne, da tsofaffin majami'unsu da kaburburan kakanninsu. Amma a zamanin Tarayyar Sobiyet, a 1923, aka sa yankin cikin iyakar Azarbaijan, aka ba shi ɗan ikon tafiyar da harkokinsa. A 1988 mutanen yankin suka nemi a haɗa su da Armeniya. Daga nan sai kashe-kashe, sa'an nan yaƙi sosai bayan rushewar Sobiyet, har aka tsagaita wuta a watan Mayu na 1994. Mutane wajen 30,000 suka mutu.

A nan dole in faɗi abin da waɗansu masu son Armeniya ba su cika son faɗa ba, gama mai wa'azin gaskiya ba ya ɓoye rabin labari. A yaƙin nan na fari Armeniyawa ne suka yi nasara, ba su kuwa tsaya a kan Karabak kaɗai ba, suka kama gundumomi bakwai da suke kewaye da shi. Dubban ɗaruruwan Azarbaijanawa suka bar gidajensu, waɗansu suka yi shekaru da yawa cikin sansani da tsofaffin taragon jirgin ƙasa. A garin Kojali, a watan Fabrairu na 1992, an kashe ɗaruruwan farar hula Azarbaijanawa, har da mata da yara. Haka nan an kashe Armeniyawa, aka kore su daga garin Sumgayit a 1988, da Baku a 1990. Kowane gefe yana da makokinsa. Ba kuwa wata ƙasa a duniya da ta amince da Karabak a matsayin ƙasa mai zaman kanta, har Armeniya kanta ba ta yi ba. A dokar duniya, yankin na Azarbaijan ne.

Azarbaijan tana da man fetur da iskar gas. Ta tara kuɗi, ta sayi makamai, ta jira. A ranar 27 ga Satumba 2020 yaƙi ya sāke tashi, aka yi kwana 44, mutane fiye da 6,000 suka mutu, Azarbaijan ta karɓe gundumomin nan da wani sashe na Karabak. Cikin yarjejeniyar da ta tsai da yaƙin, wadda Rasha ta shiga tsakani aka sa wa hannu a watan Nuwamba, an rubuta a fili cewa za a yi musayar fursunonin yaƙi da dukan waɗanda ake tsare da su. Ku riƙe wannan a zuciya. Abin da ya rage wa Armeniyawan Karabak shi ne hanya guda tak da take haɗa su da Armeniya, ta wajen garin Lacin. A ranar 12 ga Disamba 2022 aka toshe hanyar. Wata tara ana cikin wannan hali: abinci ya yanke, magani ya ƙare, mata masu ciki suna tafiya da ƙafa zuwa asibiti domin ba man mota. Kotun Duniya da ke birnin Heg ta ba da umarni a watan Fabrairu na 2023 a buɗe hanya, ba a bi ba. Sa'an nan a ranar 19 ga Satumba 2023 sojan Azarbaijan suka kai farmaki, cikin kwana ɗaya komai ya ƙare. Kafin mako biyu su cika, mutane fiye da 100,000, watau kusan kowa da kowa, sun tsere zuwa Armeniya. Cikin gudun ma wani rumbun man fetur ya fashe sa'ad da mutane suke layi su sami na tafiya, ya kashe fiye da mutum 200.

Cikin wannan gudu ne aka yi kamun. A ranar 27 ga Satumba, a shingen binciken da ke hanyar Lacin, aka fitar da Ruben Vardanyan daga mota aka tafi da shi Baku da ankwa a hannu. Cikin kwanakin da suka biyo, har zuwa farkon Oktoba, aka kama mutum uku da suka taɓa shugabancin yankin: Arkadi Ghukasyan, da Bako Sahakyan, da Arayik Harutyunyan. Aka kama kakakin majalisarsu, Davit Ishkhanyan, da tsohon ministan harkokin waje, Davit Babayan, da manyan hafsoshi biyu, Levon Mnatsakanyan da Davit Manukyan. Ban da waɗannan takwas akwai kuma talakawa da ƙananan sojoji, waɗansu tun daga yaƙin 2020 suke tsare. Akwai wani dattijo, Vagif Khachatryan, mai shekara 68, wanda motar ƙungiyar agaji ta Red Cross take kai shi Armeniya domin a yi masa aikin zuciya a watan Yuli na 2023. Aka sauke shi a shingen nan a gaban 'yarsa, aka tuhume shi da kisan da aka yi a wani ƙauye a 1991, ya ce ba shi da hannu, aka yanke masa shekara 15.

Sunan Vardanyan ne aka fi ji, saboda haka bari in ɗan tsaya a kansa. Attajiri ne da ya yi dukiyarsa a harkar banki a Rasha, mutane kuwa suna da ra'ayi dabam dabam a kan yadda dukiyar nan ta samu. Shi da abokansa biyu suka kafa wata kyauta mai suna Aurora, domin tunawa da baƙin da suka ceci kakanninsu a 1915, ana ba da ita ga masu sa ransu cikin hatsari domin ceton waɗansu. Wadda ta fara samunta a 2016 'yar Afirka ce, Marguerite Barankitse ta ƙasar Burundi, mai renon marayun yaƙi. A 2017 aka ba Dokta Tom Catena, likitan mishan da ya zauna cikin duwatsun Nuba na Sudan yana aiki sa'ad da jiragen yaƙi suke jefa bom. A 2022 Vardanyan ya ajiye takardar zama ɗan Rasha, ya koma Karabak da zama. Ya riƙe muƙamin shugaban gwamnatin yankin daga Nuwamba 2022 zuwa Fabrairu 2023, wata huɗu bai cika ba. Da aka sauke shi bai gudu ba, ya zauna tare da mutanen cikin yunwar.

An buɗe shari'a a ranar 17 ga Janairu 2025 a Kotun Soja ta Baku. Mutum 15 aka haɗa cikin shari'a guda, aka ware Vardanyan shi kaɗai. Tuhumar ta ƙunshi shirya yaƙi, da laifofin yaƙi, da kisan ƙare dangi, da ta'addanci, da ƙwace mulki da ƙarfi. A watan Fabrairu na 2026 aka yanke hukunci. Harutyunyan, da Ishkhanyan, da Babayan, da Mnatsakanyan, da Manukyan, ɗaurin rai da rai. Ghukasyan da Sahakyan shekara 20 kowannensu, domin dokar ƙasar ba ta yarda a yi wa wanda ya kai shekara 65 ɗaurin rai da rai ba. Ga mutum mai irin waɗannan shekaru kuwa, ina bambancin? Vardanyan ma shekara 20.

Wani zai ce, “Malam, ai kai da bakinka ka ce an yi ta'asa a Kojali. In waɗannan mutane suna da hannu, don me za a sake su? Ba Allah ne ya ba mahukunta takobi ba?” Tambaya ce mai kyau, ba kuwa zan kauce mata ba. Ikkilisiya ba ta ce mutanen nan mala'iku ne ba. Wanda ya zub da jinin marar laifi, ko Ba'armeniye ne ko Ba'azarbaijane, ya cancanci ya tsaya gaban alƙali. Har ma wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai duba tsare mutane ya fitar da ra'ayi a 2025 cewa bai ga tsare Vardanyan ya saɓa wa ƙa'ida ba, lauyoyinsa kuwa suka ƙi yarda da wannan ra'ayi. Na faɗa muku domin ku sani akwai masu gani dabam. Amma shari'a tana da fuskar da ake gane ta da ita, siyasa kuma tana da tata. Bari mu duba fuskar wannan.

Tun ba a kai su kotu ba, a watan Oktoba na 2023, shugaban Azarbaijan Ilham Aliyev ya tsaya a babban birnin Karabak ya yi wa tsofaffin shugabannin nan uku ba'a a gaban duniya, ya ce suna jiran hukuncin da ya dace da su. A ƙasar da mutum ɗaya yake mulki tun 2003, bayan ya gaji mahaifinsa, wane alƙali ne zai tashi ya ce shugaba ya yi kuskure? Sa'an nan kotun soja ce ta yi wa farar hula shari'a, har da Vardanyan da bai taɓa riƙe muƙamin soja a yankin ba. Ba a bar 'yan jarida masu zaman kansu ko masu sa ido daga waje su bi shari'ar yadda ya kamata ba. Abin da duniya ta ji, daga bakin kamfanin labaran gwamnati ta ji shi. Vardanyan ya yi kuka cewa an tara masa kundin tuhuma fiye da 400 cikin harshen Azarbaijan, wanda ba ya ji, ba a kuwa ba shi isasshen lokaci ko fassarar kirki ba. Sau biyu ya yi yajin cin abinci, a Afrilu 2024 da kuma Fabrairu 2025, na biyun ya wuce mako uku. Ƙungiyar Amnesty International ta nemi a binciki zargin cewa an wulakanta shi a tsare. Majalisar Dokokin Tarayyar Turai kuma, a watan Maris na 2025, ta ce shari'ar ta bogi ce, ta nemi a sake su.

Abin da ya fi buɗe mini ido shi ne yadda ake sakin waɗanda aka saka. A watan Yuni na 2021 Azarbaijan ta saki mutum 15, aka ba ta taswirar wuraren da aka binne nakiyoyi. A Disamba 2023 ta saki sojoji 32, Armeniya ta saki biyu, ta kuma janye ta bar wa Azarbaijan karɓar babban taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Baku a 2024. A Janairu 2026 aka saki mutum huɗu, har da dattijon nan Khachatryan da aka ce mai kisa ne, saura shekaru masu yawa cikin hukuncinsa. Muna gode wa Allah domin kowane ɗaya da ya koma gida. Amma ku lura: ba ɗaukaka ƙara ce ta fitar da su ba, ciniki ne. Mutumin da ake fitarwa ranar da aka daidaita farashi, a mayar da ƙofa a kulle ranar da ba a daidaita ba, jingina aka riƙe shi. Bayan sakin nan na Janairu, mutum 19 ne suka rage waɗanda Azarbaijan ta yarda suna hannunta.

Ga kuma ma'auni biyu. A 2004, a birnin Budafes na ƙasar Hangari, wani hafsan Azarbaijan mai suna Ramil Safarov ya sare wani hafsan Armeniya, Gurgen Margaryan, da gatari yana barci, suna wurin kwas tare. Kotun Hangari ta yi masa ɗaurin rai da rai. A 2012 aka mai da shi gida domin ya ƙarasa ɗaurinsa, ranar da ya sauka aka yafe masa, aka ƙara masa girma, aka ba shi gida. Littafin Karin Magana ya gaya mana abin da Ubangiji yake ji game da mudu biyu, na saye dabam, na sayarwa dabam.

'Yan'uwa, ina roƙonku da abu guda, kada wani ya ɗauki maganar nan ya mai da ita faɗan Kirista da Musulmi. Gaskiya ne yawancin Armeniyawa Kirista ne, yawancin Azarbaijanawa kuwa Musulmi ne. Gaskiya ne kuma an rushe waɗansu majami'u a Karabak bayan mutane sun fita, kamar majami'ar Yahaya Mai Baftisma da ke garin Shushi. Amma rigimar ta ƙasa ce da mulki. Iran, ƙasar Musulmi, tana zaman lafiya da ciniki da Armeniya, Isra'ila kuwa tana cikin manyan masu sayar wa Azarbaijan makamai. Gwamnatin da ta ɗaure Armeniyawan nan ta ɗaure nata 'ya'yan ma. Akwai wani saurayi ɗalibi Ba'azarbaijane, Bahruz Samadov, wanda yake rubutu yana kira a yi sulhu da Armeniyawa. A Yuni 2025 aka yanke masa shekara 15, wai ya ci amanar ƙasa. A watan nan kuma aka ɗaure 'yan jaridar Abzas Media shekaru bakwai da rabi zuwa tara. In muna addu'a domin ɗaurarrun Baku, waɗannan ma suna ciki.

Yanzu mu buɗe Irmiya. A sura 37 sojan Babila sun ɗan janye daga kewaye Urushalima, Irmiya ya tashi zai tafi ƙasar Biliyaminu domin wata harka ta gādo. A bakin ƙofar birni mai tsaro ya kama shi, ya ce yana shirin gudu zuwa wurin abokan gaba. Irmiya ya ce ƙarya ce, ba wanda ya saurare shi. Aka duke shi, aka kulle. A sura 38 fadawa suka je wurin sarki Zedekiya suka ce maganar mutumin nan tana karya zuciyar sojoji, a kashe shi. Ba shaida, ba shari'a. Sarki kuwa, matsoraci, ya ce ba shi da ikon hana su. Suka zura Irmiya da igiya cikin wata rijiya da ba ruwa sai laka, ya nutse cikin lakar. Ban ce ɗaurarrun Baku annabawa ne ba, kada ku ji ni da kuskure. Abin da nake so mu duba shi ne mutumin da ya tashi.

Birnin nan cike yake da firistoci da malaman Attaura da dangin Irmiya. Ba ko ɗaya da ya motsa. Wanda ya motsa baƙo ne, baƙar fata daga ƙasar Kush, kudu da Masar, bara a gidan sarki. Ana kiransa Ebed-melek, ma'anar sunan kuwa bawan sarki ne kurum, kamar ba wanda ya damu ya san sunan da uwarsa ta raɗa masa. Ba kabilarsu ɗaya da Irmiya ba, ba abin da zai ci a ciki, in kuwa fadawa suka juya kansa ba mai tsaya masa. Duk da haka bai aika a ɓoye ba. Ya tarar da sarki yana zaune a Ƙofar Biliyaminu, wurin da ake yanke shari'a a gaban jama'a, ya ce abin da mutanen nan suka yi mugunta ce, mutumin zai mutu da yunwa. Sarkin nan da ya ce ba shi da iko, sai ga shi ya ba da umarni a ɗauki mutane a fito da shi. Ashe ikon yana nan, mai tuna masa ne babu.

Sa'an nan akwai zancen tsummoki, wanda nake ƙauna ƙwarai. Ebed-melek bai ruga da igiya kaɗai ba. Ya bi ta ɗakin ajiya ya kwaso tsofaffin tufafi da tsummoki, ya zura wa Irmiya, ya ce ya sa a hammatarsa domin kada igiya ta yanke shi. Mutumin da ya rame da yunwa, fatarsa ba ta jure igiya. Ku lura kuma, ba a sallami Irmiya ya tafi gida ba, an mai da shi farfajiyar matsara ne, yana tsare har ranar da birnin ya faɗi. Amma ya fita daga laka, ya rayu. A ƙarshen sura 39 kuwa Allah ya aiko wa Ebed-melek saƙo na musamman, cewa zai tsira da ransa domin ya dogara ga Ubangiji.

Su wane ne masu tsummoki a Baku? Shekara da shekaru ma'aikatan Red Cross ne kaɗai daga waje suke shiga wurin ɗaurarrun nan. Su suke duba lafiyarsu, su kai musu wasiƙa, su haɗa su da iyalansu. A 2025 gwamnatin Azarbaijan ta ce ƙungiyar ta rufe ofishinta, aka kuwa rufe a farkon Satumba. Wannan ya sa masu neman a sake su suke roƙon abu biyu tare: a sallame su, kafin nan kuma a bar wani amintacce daga waje ya riƙa ganinsu. Dokar yaƙi ta Janiba ta 1949 ta ce a mayar da fursunonin yaƙi gida ba da jinkiri ba da zarar faɗa ya ƙare. Kotun Duniya ma tun Disamba 2021 ta umarci Azarbaijan ta kāre waɗanda ta kama a yaƙin 2020 daga duka da cutarwa.

Faɗan kuwa ya ƙare. A ranar 8 ga Agusta 2025, a birnin Washinton, firayim ministan Armeniya Nikol Pashinyan da shugaba Aliyev suka zauna tare da shugaban Amurka Donald Trump, aka amince da rubutun yarjejeniyar sulhu. Abin murna ne, gama uwaye a ƙasashen biyu sun gaji da binne 'ya'yansu. Amma cikin rubutun ba a sa sakin ɗaurarrun nan ba. Iyalansu da yawa suna kuka cewa gwamnatin Armeniya kanta ba ta ɗaga murya sosai, don kada ta ɓata cinikin sulhu. Ni dai a ganina, sulhun da aka ƙulla aka bar mutane cikin rami bai gama ƙulluwa ba, gama kowane yaro a Armeniya da ya san kakansa yana kurkukun Baku zai girma da wannan a zuciya. Shugaba Aliyev ya sami ƙasar da yake nema. Yana da ikon yin afuwa, mun kuwa ga ya yi amfani da shi. Sakin tsofaffin nan ba zai rage masa ko taki ɗaya na ƙasa ba.

Ikkilisiyoyin duniya ba su yi shiru ɗungum ba. Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya ta kira ranar addu'a domin Armeniya a ranar 10 ga Nuwamba 2024, ana gobe za a buɗe taron nan na Baku, ta roƙa a saki waɗanda ake tsare da su. A watan Mayu na 2025 ta sāke tara shugabanni a birnin Bern na Suwizalan a kan zancen majami'un Karabak da mutanensa. Waɗansu ikkilisiyoyinmu, kamar EYN, suna cikin wannan majalisa, saboda haka muryarmu tana da ƙofar shiga. Shugabanninmu suna iya rubuta wa majalisar, su kuma rubuta wa ma'aikatar harkokin waje ta ƙasarmu, cikin ladabi, ba zagi, ba ƙarin gishiri, kamar yadda Ebed-melek ya faɗi abin da ya faru kurum. Gwamnatoci suna lissafin masu tambaya. Fursunan da ake ambaton sunansa a ƙasashe da yawa ya fi wuyar ɓacewa.

Kai kuma da kake saurarona a ƙauye, kana cewa, “Ni wane ne da zan yi magana a kan Baku?” Gwauruwar Khor Virap ba ta da ikon buɗe ramin, gurasa take da ita. Marubucin Ibraniyawa, a sura 13, ya ce mu tuna da ɗaurarru sai ka ce tare aka ɗaure mu. A Ayyukan Manzanni sura 12 kuma, sa'ad da Hirudus ya kulle Bitrus domin ya faranta wa jama'a rai, ikkilisiya ta taru a gidan Maryamu uwar Yahaya Markus tana addu'a da dare. Ku rubuta sunayen nan a takarda. Ku kai su taron addu'ar safe, da taron zumuntar mata, da na matasa. In sunan ya yi wa harshe nauyi, ku faɗe shi yadda kuka iya, Mai ji ya san wanda ake nufi.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, kai da ka ga Irmiya cikin laka, ka dubi Ruben, da Arkadi, da Bako, da Arayik, da Levon, da Davit uku ɗin nan, da sauran waɗanda ba mu ambaci sunansu ba. Ka kiyaye jikunansu da hankalinsu. Wanda yake da laifi a cikinsu ka ba shi tuba, wanda aka yi wa ƙarya ka wanke shi. Ka tuna da Bahruz da 'yan jaridan da suke kulle. Ka ta'azantar da iyalan da suka rasa nasu a Kojali da Sumgayit, da waɗanda suka bar gidajensu a kowane gefe. Ka taɓa zuciyar shugaba Aliyev da alƙalansa, ka ba shugabannin Armeniya ƙarfin hali su yi magana, ka buɗe ƙofar kurkuku su koma wurin 'ya'yansu da jikokinsu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu muka roƙa. Amin.